Muryar Malam Kassimu a Cikin Saƙo

Inna Kulu mace ce mai son sanin yadda abu yake aiki, kuma tun tana yarinya haka take. Ranar da aka fara kawo injin niƙa ƙauyensu, can gabas da Tsanyawa, ita ce ta tsaya a kan mai injin, ba ta tafi ba sai da ya kwance mata cikinsa ta leƙa. Saboda haka duk tambayar da ta yi, ba wanda yake tsayawa neman abin da ke bayanta. Sai a ce, ai Kulu ce.

Mijinta Malam Kassimu ya rasu da farkon damina. Ta yi takaba ta fita, an yi girbi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu. A wannan tsakanin ne jikarta Muhsina ta gama karatun aikin gona a jami'a, ta kwaso kayanta daga ɗakin da take haya a Rijiyar Zaki ta dawo gida.

To, a shekararta ta ƙarshe, binciken da Muhsina ta yi a kan irin shuka na gargajiya ne, kuma kakanta ne ya zame mata malami. Duk hutun da ta zo, sai ta zaunar da shi a gindin rumbu. Ya zuba iri a faifai, ta ɗauki hoto, ta kunna waya ta kara masa, shi kuma ya yi ta bayani: wannan zango ne, wannan kaura, wannan farafara, wancan waken kanannaɗo ne, ga ƙasar da yake so, ga lokacin da ake shuka shi. In ta koma Kano sai ta tura wa malamar da ke duba aikinta ta imel ɗin makaranta, hoto da murya duk a haɗe. Daga baya aka zare mata wayar a motar haya, duk abin da ke cikinta ya tafi.

Wata safiya Muhsina na shirya akwatinta a tsakar gida, Inna Kulu na tsince wake a gefe, sai ga wani kundin takardu.

"Wannan kuma na mene ne, 'yar boko?"

"Saƙonnin da na riƙa tura wa malamata ne, Inna. Makaranta ta ce duk wanda ya gama, ƙarshen watan nan za a rufe masa imel. Shi ne na je aka buga mini su, don kada su ɓata."

Inna Kulu ta goge hannu a zani ta karɓi ɗaya. Ba ta iya karatun boko ba, amma idonta ras yake. Ta sa yatsa a ƙasan takardar.

"Wannan ɗan zanen mai kama da ƙugiya fa?"

"Alama ce, wai an maƙala wani abu a jikin saƙon."

"Me aka maƙala?"

Muhsina ta ci gaba da shirya akwatin. "Hotunan irin ne. Da kuma maganar Baba Malam da na ɗauka."

Hannun tsohuwa ya tsaya. Ta juya takardar ta duba bayanta, fari fat.

"To yana ina?"

"Yana can."

"Can ina?"

"A cikin imel ɗin mana, Inna. Takarda ai ba ta magana."

"In an rufe fa?"

"Shi ke nan. Amma ai na rubuta duk abin da ya faɗa a cikin aikina, ba abin da zai salwanta."

Inna Kulu ta ce, "Uhm," ta koma kan wakenta.

Kun san matan zamaninsu. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "Malam", ko ta ce "shi", kowa ya gane. Ko ranar da aka fita da shi, ɗaki ta shiga ta juya wa ƙofa baya, kada 'ya'ya su ga hawayenta. Mace irin wannan ce za ta buɗe baki a gaban jikar da ta goya ta ce tana son jin muryar mijinta? Kunya ba za ta bar ta ba. Ita kuwa Muhsina, ganin kakarta ba ta taɓa ɗauko zancensa ba, sai ta ɗauka ba ta so a tayar mata da shi. Ita ma kanta tsoron jin muryar take yi.

Sai Inna Kulu ta bi ta hanyar da ta saba. Da rana ta tambaya, shi wannan imel ɗin, ɗaki ne ko akwati? Da la'asar ta tambaya, wa yake riƙe da makullinsa? Washegari suna tankaɗe ta ce, in an rufe, abin da ke ciki zubarwa ake yi ko kuwa yana nan a kulle yana jiran mai shi?

"Kai, Inna! Ko ke ma jami'ar za ki shiga ne? In nemo miki gurbi?"

"Ke dai ba ni amsa, marar kunya."

"Gogewa suke yi."

Gogewa. Kalmar ta wuni tana yi mata yawo a kai. Ga wata ya yi nisa.

Ranar kasuwar Tsanyawa ta tashi ta ce kanwarta ta ƙare, daddawa ma haka, kuma ba ta yarda da sayen kowa ba. Muhsina ta raka ta. Suka shiga ƙaramar bas, aka matse su tsakanin buhun gyaɗa da wata mata mai kaji. Da suka sauka, Inna Kulu ba ta ko kalli layin masu daddawa ba.

"Ina ne ake buga irin takardun nan naki? Ina so in ga injin."

Shagon Kamaruddeen yana bayan tasha. Magidanci ne mai fara'a, yana da kwamfuta biyu da injin buga takarda, da faifan sola a kan rufi. Da ya ga tsohuwa ta shigo sai ya miƙe ya jawo mata kujera.

"Sannu da zuwa, Inna. Hoton fasfo za a ɗauka ko takardar neman aiki za a rubuta?"

"Aikin naka na zo karɓa. An ce a nan ake ajiye magana."

Ya yi dariya. Muhsina ta yi masa bayani a gurguje, cewa kakarta ce take son ganin yadda imel yake. Ta zauna ta buɗe akwatin nata, saƙonni suka jeru a fuskar kwamfutar. Inna Kulu ta matso da kujera har gwiwarta na taɓa teburin. Ta ga 'yar ƙugiyar nan a gefen kowane layi.

"Ɗana, in tambaye ka. Da aka buga mata a takarda, don me abin da aka maƙala bai biyo ba?"

"Inna, shi saƙo kamar mace ce da goyo. In kin buga shi a takarda, ko kin ɗauki hotonsa, fuskar uwar kawai kika ɗauka. Goyon yana baya, bai fito ba."

"To ba a iya ɗauko ta da goyon nata?"

"Ana iyawa mana. Akwai inda ake dannawa a sauke saƙon ɗungurungum, ya zama fayil guda. Rubutun, da ranar da aka tura, da duk abin da aka maƙala, suna ƙunshe a ciki. Sai a zuba a filash, mutum ya sa a aljihu."

"Ko an rufe can ɗin?"

"Ko an rushe shi."

Inna Kulu ta gyaɗa kai a hankali. Muhsina kuwa ta riga ta kai hannu za ta rufe.

"To kin gani, kin ji. Tashi mu je, Inna, kada masu daddawar su watse, ga rana tana yi."

Ta miƙe ta saɓa jaka. Tsohuwa ba ta motsa ba. Ta laluba ko akwai sauran wata tambaya da za ta riƙe yarinyar da ita, ta rasa. Duk ta yi su. Ta dubi ƙasa, ta gyara bakin mayafinta, ta sake gyarawa.

"Muhsina."

"Na'am."

"Ba injin na zo gani ba." Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. "Kakanki nake so in ji."

Kamaruddeen ya juya ya shiga gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba. Muhsina ta tsaya da jaka a kafaɗa, ta kalli kakarta kamar yau ta fara ganinta. Sai ta ajiye jakar ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ai da kin faɗa mini."

"Ga shi na faɗa. Tashi, kada ki tara mini mutane."

Aka hau aiki. Kamaruddeen ya ce abu mafi sauƙi shi ne Muhsina ta tura saƙonnin zuwa ɗaya imel ɗin nata, wanda ba na makaranta ba. Inna Kulu ta tambaya, shi wancan ɗin na wane ne? Aka ce na wani kamfani ne a ƙasar waje. Ta ce to a tura ɗin, amma ita nata a hannu take so, ta gaji da ajiya a ɗakin mutane.

Ya nuna wa Muhsina inda za ta danna a saman kowane saƙo. Ɗaya bayan ɗaya ake saukewa, ga sabis ɗin ranar kasuwa, ya zo ya ɗauke. Wani saƙon ya sauko nan da nan, wani ya tsaya a rabi sai an sake. Duk wanda ya sauko, Muhsina ta sa masa sunan irin da ke ciki. Inna Kulu ba ta ɗauke ido daga ɗan layin da ke cika a hankali ba.

"Me ya sa wannan ya fi jinkiri?"

"Ya fi nauyi, Inna. Maganar ciki ta fi tsawo."

"Na kaura ne ko?"

Muhsina ta duba. "Shi ne. Ya aka yi kika sani?"

"In ya fara zancen kaura ai sai abinci ya huce."

Aka kira azahar, Kamaruddeen ya je masallaci ya dawo, su ma suka yi tasu a bayan shagon. Can dai na ƙarshe ya sauko. Ya kwashe su duka ya zuba a filash. Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya sallamar mutum sai ya gwada a gabansa, don ya sha ganin wanda ya tafi da murna ya je gida ya tarar da fanko. Ya kashe intanet ɗin gaba ɗaya, ya zare filash ɗin ya soka a ɗaya kwamfutar.

"Yanzu ba mu haɗe da ko'ina, Inna. In ya yi magana, to daga hannunki yake yi. Wanne za a buɗe?"

"Kowanne."

Ya buɗe na zango. Rubutun Muhsina ya fito, a ƙasansa ga hoton faifai cike da gero, da yatsun Malam Kassimu a gefe, babban yatsan nan da fartanya ta taɓa fasa wa farce. Kamaruddeen ya danna ɗaya abin.

Aka fara jin iska, da kukan tunkiya daga nesa. Sai gyaran murya.

"Ya kama? To, bismillah. Wannan da kike gani shi ne zango. Ba ya son gaggawa, kuma ba ya son a cika shi a rami..."

Muhsina ta toshe bakinta da mayafi. Inna Kulu ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan cinya, ko ƙifta ido ba ta yi. Malam ya yi ta bayaninsa, yana tsokanar jikarsa wai 'yan boko sai sun auna rami da ma'auni kafin su jefa ƙwaya. Ana cikin haka sai muryar ta ɗan yi nisa, alamar ya juya kai wajen madafi.

"Ke! Kajin nan naki za su cinye mini iri."

"Ina zuwa," in ji Inna Kulu, har ta dafa kujera za ta tashi.

Sai kuma ta ji wata murya a cikin kwamfutar, tata, tana cewa, "Ina zuwa, hannuna da ƙullu!" ga ƙarar takalmi da kaji suna watsewa.

Muhsina ce ta fara fashewa da dariya, hawaye na zuba, sai tsohuwar ma ta kama, tana rufe fuska tana cewa, "Kai, wannan yarinya, ashe har da ni kika ɗauka!"

Da suka lafa, Kamaruddeen ya ce filash ɗin a adana shi wuri mai kyau, shi ne uwar ajiya. Amma zai ciro muryoyin daban ya zuba mata a memori, ta riƙa sawa a 'yar rediyonta a gida.

"In kina so, Inna, sai in yanke wurin kajin, a bar bayanin irin zalla."

"Kada ka taɓa shi," ta ce. "Mayar da shi baya kaɗan. Daga inda ya juyo."