Bokitin Ƙofar Inna

Da bayan cokali Auta take kankare shuɗin fentin da ta shafa wa ƙofarta, Malam Doka na tsaye a kanta ya goya hannu a baya. Shi ne mai kula da rukunin gidajen, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba.

"Ba ni na ce ba, tsari ne," in ji shi. "Duk ƙofa ruwan toka. In na ƙyale ki, gobe wani ya shafa ja, jibi wani kore, shi ke nan an koma gidan jiya."

"Malam, ba don ado na yi ba. Inna ce ba ta gane gida."

"Ga lamba a saman ƙofa."

"Ba ta karatu. Ni da ta haifa ma wani lokacin sai ta tambaye ni 'yar gidan wa ce."

Ya taɓe baki, ya nuna mata wani lungu da ta bari da sauran fenti.

Tun da aka rushe tsohuwar unguwarsu don a fitar da babban titi aka kwaso su nan. A ido gidajen ba su da makusa, ga famfo ga wuta, ga tituna a miƙe kamar an ja da zare. Sai dai wanda ya zana su, da gani bai taɓa zama da tsohuwa ba. Layi kama da layi, ƙofa kama da ƙofa, mai cikakken hankali ma sai ya ɗaga kai ya duba lamba. A can, duk da mantuwar da ta fara cin Inna, ƙafarta ta san hanya: ta wuce mai gyaran rediyo, ta tsallake kwata, ta dafa bangon nan da ya yi ciki, sai ga gida. In ta zarce, wani zai riƙo hannunta ya dawo da ita. A nan kuwa an warwatsa maƙwabta, kowa inda aka jefa shi.

Kuma Inna ba ta zaman ɗaki. Da hantsi za ta zura takalmi ta fita, ta gaida wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Yawon nan shi kaɗai ya rage mata. Ranar da ba ta fita ba, ko loma ba ta kaiwa baki, sai ta juya wa duniya baya ta fuskanci bango. Ita kuwa Auta tun asuba tana gidan burodi tana fama da kwaɓi har la'asar. Burinta bai wuce uwarta ta fita da ƙafarta ta dawo da ƙafarta ba.

*

Wani tsohon bokiti rawaya Auta ta roƙo a wajen aiki, ta cika shi da ƙasa, ta dasa jan fure, ta girke a gefen ƙofa. Malam Doka ya zo ya zagaya shi, ya shinshina, ya rasa ta inda zai kama. Doka ta hana fenti, amma ba ta san da zaman bokiti ba.

Kowace yamma Auta takan fita da Inna su yi bita.

"Inna, ina gidanmu?"

"Inda bokiti yake."

"Wane irin bokiti?"

"Ke, ni za ki mayar yarinya? Mai furen nan da nake ba ruwa mana."

Abin ya zauna mata daram. Tana fita, tana dawowa, har tana yi wa furen faɗa in ya yi yaushi. Auta ta daina ƙona burodi saboda tunani.

Ana nan sai ga injiniyan da ya zana rukunin ya kawo baƙi zagaye. Yana hango bokitin ya ja birki.

"Kun gani ko? Wannan ita ce basirar jama'a! Abin da muke ta faɗa ke nan, mazauna su sa hannu a garinsu."

Aka yi ta ɗaukar hoto. Auta ta matso ta rusuna. "Ranka ya daɗe, ai saboda mahaifiyata ne, ita ce ba ta..."

"Madalla, madalla. A gaishe ta."

Ya wuce, Malam Doka na biye yana washe baki kamar shi ya haifi bokitin. Auta ma, wallahi, daɗi ta ji. A zatonta yanzu ba mai sake taɓa mata shi.

*

Ranar da abin ya faru, tun daga bakin rukunin ta hango rawaya. Ta ƙara matsowa. Kowace ƙofa da bokitinta, sabo fil, da jan fure a ciki, layi bayan layi har inda ido ya tsaya. Ashe tsarin ya burge injiniya, an raba wa kowane gida. Ta yar da jakarta ta zuba da gudu.

Ba ta kai gida ba ta ji hayaniya a layin baya. Mutane sun yi da'ira, wani na ihu, "Ɓarauniyar yara ce! Ku ƙara mata!"

Inna na zaune a ƙasa, ɗankwali ya fita, furfurarta ta cakuɗe da ƙasa, jini na bin haɓarta. Takalminta ɗaya na hannun wani ƙato. Auta ta kutsa ta faɗa kanta.

"Uwata ce! Ba ta da lafiya, don girman Allah ku bari!"

"Haka suke cewa duka," wani ya faɗa daga baya.

Wata matashiya na gefe, ta ƙanƙame jariri. "Shanya na fita bayan gida," take cewa cikin kuka. "Na dawo na tarar ta goya min ɗa tana shirin fita. Da idona na gani."

Auta ta dube ta, ba ta ga laifinta ba. Ko ita ce, ihun za ta yi.

Sai da ƙura ta lafa Malam Doka ya iso. Ya dubi Inna sama da ƙasa, ya gyara tsayuwa.

"Ke ma da laifinki. In kin san ba ta da hankali, me ya sa kike sakinta tana shiga gidajen mutane? Nan ba tsohuwar unguwarku ba ce."

Inna ta kamo gefen zanen 'yarta. Bakinta ya kumbura, da ƙyar maganar ke fita.

"Auta, kuka kike ta yi a kan gado, ba kowa. Shi ne na ɗauke ki."

Nan Auta ta fashe da kuka. Ta ɗaura mata ɗankwali, ta goya ta, ta bi layi da ita tana duba lamba.

*

Da raunukan Inna suka kame, dole Auta ta koma aiki. Ta ajiye ruwa da abinci kusa da katifa, ta rufe murhu, ta ɓoye ashana. Sannan ta fito, ta ciro sabon kwaɗon da ta saya, ta datse ƙofar ta waje.

Ba ta ɗaga ƙafa ba ta ji takun Inna daga ciki. Yau tun da wuri ta zura takalmi.

"Auta? Ƙofar nan ta cije."

"Sanyi ne, Inna. Ki zauna, zan kira a gyara."

"To. Allah ya yi miki albarka."

Auta ta cusa makullin a bakin zane ta kama hanya. Har ta kai kwanar layi tana jiyo mariƙin ƙofar na sauka yana hawa a hankali, irin taɓin wanda ba ya son ya dami mutane.