Rabin Murfi

Stamen, wanda ake kira Bai Stamen don girmamawa, ya tsufa a kan allon zane a masana'antar famfunan ruwa ta garin Gabrovo. Da sababbin masu kamfani suka zo, suka ce duk mai zanen da bai iya aiki da kwamfuta ba kafin kaka, ya kama gabansa. Shi kuwa ritaya ta kusa, ga mata kwance a gida. Wa zai ɗauki tsoho?

Nevena aka ba aikin koya masa. Ita ce wadda ya taɓa yaga wa zane a gaban kowa tana sabuwar zuwa, ya ce hannun mace na murza banitsa ne, wato wainar fulawa ta ƙasarsu, ba na riƙe fensir ba. Shi ya manta tuni.

"Bai Stamen, a hankali, linzamin kwamfutar nan ba guduma ba ne," take ce masa. Sai ya haɗiye, ya ce, "To, yarinya." Da yatsa ɗaya yake dannawa, gumi na bin wuyansa. Amma ya koya.

Ranar gwaji aka ce ya zana murfin famfo, injin yanka ya yanko shi kai tsaye daga kwamfutar. A takarda, babban ƙarfe da rabin girmansa ake zana shi, a rubuta awon gaskiya a gefe. Hannunsa bai san wata hanya ba, haka ya yi. Nevena na tsaye bayansa da kofin kofi.

"Ya yi, yarinya?"

"Layukanka sun fi na kowa tsabta," in ji ta.

Injin ya yi kukansa ya gama. Lozan, mai kula da injin, ya ɗaga murfin sama da yatsu biyu.

"Jama'a, ku zo ku gani! Bai Stamen ya yi wa 'yar tsana famfo!"

Dariya ta ɓarke. Manaja na tsaye, bai yi dariya ba.

"Ai na rubuta awon! Ga shi nan a gefe!" in ji Stamen.

"Tsoho, injin bai je makaranta ba," in ji Lozan. "Layi yake bi."

Stamen ya juya wurin Nevena. "Kin gani kuwa?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

"Hankalina na kan banitsa."

Ya tsaya yana kallonta. Wace banitsa? Ya lalubi kansa kaf, bai tuna komai ba.

Ranar da aka sallame shi, ya kwashe fensiransa, Nevena ta zo da tiren banitsa mai zafi, ta ce ita ta murza da hannunta. Don kada tebur ya ƙone, ta ɗora tiren a kan ɗan murfin nan. Kowa ya ci ya yaba. Ta miƙa masa nasa a takarda.

"Ka kai wa matarka."

Ya karɓa, ya yi godiya.