Manya Su Rubuta, Ƙanana Su Karanta

Har yau Mataimakin Oga bai cire ledar da kwamfutarsa ta zo da ita ba. Na lura da haka ina wucewa zuwa taron da Oga ya kira a kan sabuwar folda, inda dukanmu za mu riƙa ajiye fayilolin ofis.

Ni ke kula da kwamfutoci, don haka na yi bayani da murya ƙasa-ƙasa: izini iri biyu ne, wasu su karanta kawai, wasu su rubuta su gyara.

"Ni a ina kika sa ni?" in ji Mataimaki.

"Karantawa, ranka ya daɗe. Na ga kamar ba ka cika..."

"Karantawa! Ɗan firamare ne ni?"

Akanta ya ce shi ma ba kanwar lasa ba ne. Oga ba ya son hayaniya kafin abincin rana, sai ya yanke hukunci: manya su rubuta, ƙanana su karanta. "Ko a gida ba a miƙa wa yaro wuƙa."

Na saita yadda aka ce.

Da rana sai ga Anti, ƙaramar ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa a ofis. Ita ta rubuta rahoton shekara, kuma a ranar za a tura shi hedikwata, karon farko da zai fita da sunanta.

"Ƙanwata, kwamfutar nan ta raina ni. Zan gyara shafin ƙarshe, wai ba ni da izini."

Muka je wajen Oga.

"Doka doka ce, baiwar Allah," ya ce. "Ki faɗa wa Mataimaki, shi ya buga."

Anti ta tsaya a bayan kujera tana faɗa, Mataimaki yana farautar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba.

"A hankali mana, Anti! Gudu muke?"

Da ya adana, sunansa ya fito a gefen fayil ɗin, a matsayin wanda ya yi gyaran ƙarshe. Oga ya leƙo.

"Kai, Mataimaki! Ashe kai ka yi aikin nan? Sa sunanka a bangon rahoton, a tura."

"Ai an sha wahala, ranka ya daɗe," in ji Mataimaki, yana murza yatsan.

Anti ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofar a hankali.