Audugar Kerubo

Kerubo ta tura takardar kuɗin hayar ajiya gaban manaja Mutiso, ta danne layi na uku da yatsa, ta ƙi ɗagawa.

"Yallaɓai, a sake duba min nan. Katako shida aka rubuta. Ni da katako ɗaya na yi lissafi."

"Madam, mun duba a watan jiya, mun duba a wancan watan," in ji Mutiso, idonsa na kan kwamfuta. "Katako bai haihu ba, bai kuma mutu ba. Shida ne."

Ta sani sarai. Ta dai faɗa ne don ba ta da wata maganar.

Kerubo tela ce a unguwar Kayole. Matashin shayarwa take ɗinkawa, irin mai lanƙwasar nan da mai jego ke ɗorawa a cinya ta kwantar da jariri. Da ta ga mata na saye ta waya, sai ta kwashi adashinta kaf ta sayo atamfa da auduga, ta ɗinka kusan ɗari huɗu. Ɗaki ɗaya suke zaune ita da mijinta Nyakundi, ko ashirin ba zai ɗauka ba. Shi ya sa ta kawo su wannan kamfanin ajiya na Mlolongo, masu ajiye wa 'yan kasuwa kaya, su ɗaure su aika wa duk wanda ya saya.

Mutumin da ya je yi mata talla, mai ƙamshin turare da haƙora farare, ya ce katako ɗaya, wato dandamalin da ake jera kaya a kai, yana ɗaukar tan guda, hayarsa shilin dubu huɗu da ɗari biyar a wata. Kerubo ta ɗora matashi a sikeli, ta yi lissafi, ta ga duk kayanta ko rabin tan ba su kai ba. Tun tasowarta da nauyi ake cajin kaya a tashar motocin garin Kisii, ba wanda ya taɓa ce mata akwai inda ake auna wuri. Abin takaicin shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. Katako yana ɗaukar tan, in buhun siminti ka kawo. Matashi kuwa sittin da 'yan kai sun cika shi dam.

A wata uku an sayar da talatin da ɗoriya, kowanne da kuɗin ɗauri da na ɗan boda mai kai kaya a babur. Hayar watan farko ta cinye ragowar adashi. Ta biyu Nyakundi ya ciyo bashi a wurin aikinsa na gadi, kuma tun daga ranar ya rage magana a gida. Jiya ta sayar da keken ɗinki ɗaya cikin biyun da take da su, aka ba ta dubu ashirin da tara. Su ne ke cikin wayarta yanzu, ba ta da wasu a duniya.

"To ga dubu ashirin da bakwai na wannan watan," ta ce. "Na biya, a ba ni kayana in tafi."

"Kuɗin fitarwa fa? Dubu ɗaya da ɗari biyar kowane katako. Dubu tara ke nan. Sai motar da za ta kwasa, wannan ke za ki nemo."

"Dubu biyu za su rage min, yallaɓai."

"Sai ki bar su."

"In na bar su?"

"Yau talatin da ɗaya ga wata. Ƙarfe biyar na yamma kwamfuta za ta shigar da sabon wata, wasu dubu ashirin da bakwai. In kwana talatin ya wuce ba a biya ba, a yi gwanjonsu. Shafi na huɗu, ke kika sa hannu."

Ba mugu ba ne Mutiso. Yana dai cikin mutanen nan da in suka ce "kwamfuta" sai ka ɗauka wani babban yayansu ne da ba a yi masa musu.

Kerubo ta sake duban takardar. Ba ta iya fitar da kayan, ba ta iya barinsu. Ko da kyauta aka fitar mata, ina za ta kai matashi ɗari uku da sittin? Tsoro ya kama ta na gaske.

Ana cikin haka wata dattijuwa mai shuɗiyar rigar aiki ta turo ƙofa ba sallama. Mama Nafula ce, shugabar mata masu ɗaure kaya.

"Manaja, abin cusa wa kwali ya ƙare tun jiya. Ga kofunan gilashin mutane kwali saba'in suna jira. Ko ɗankwalina zan yaga in cusa?"

"Na kira masu kawowa, sun ce sai Laraba."

"Larabar bana ko ta baɗi?"

Kerubo ta dubi dattijuwar, ta dubi takardar da ke ƙarƙashin yatsanta. Tunanin da ya zo mata bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta yi ƙoƙarin korarsa, ya ƙi tafiya.

"Yallaɓai, a yarjejeniyar nan akwai inda aka ce mai kaya na iya duba kayansa sau ɗaya a wata kyauta, ko?"

"Akwai."

"A sauko min da su duka. Zan farke su in fitar da audugar. Rigunan kaɗai zan ɗauka, ba za su cika katako ɗaya ba. Kuɗin fitarwa na ɗaya zan biya."

Mutiso ya cire tabarau. "Audugar fa? Shara ma buhu-buhu muke cajinta."

"Ba shara ba ce. Sabuwa ce fil, dubu sittin na saye ta. Ku cusa wa kofunanku."

"Kamfani ba ya sayen kaya a hannun masu ajiya."

"Ban ce ku saya ba."

Mutiso ya lissafa abin da ba sai an faɗa ba, ya gyaɗa kai. Mama Nafula ta kalli Kerubo sama da ƙasa.

"'Yata, ke kika ɗinka su da hannunki?"

"Ni ce, Mama."

Dattijuwar ta juya ta fita.

"Kafin biyar," in ji Mutiso. "Katakon da biyar ta same shi da kaya a kai, ya shiga sabon wata. Ba ni ba ne, kwamfuta ce."

Ta tura kuɗin ta waya, dubu ashirin da takwas da ɗari biyar. Sha ɗaya da rabi motar ɗaga kaya ta jera mata katako shida a wani lungu kusa da ƙofar lodi. Ta zauna a kan siminti, ta zaro reza daga jaka.

Na farko ta yi masa a hankali. Ta nemo gurin da ta rufe ɗinkin da allura, ta tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya don kada atamfar ta ji ciwo, ta zura hannu ta jawo audugar. Ta tuna wannan atamfar, mai ganyen ayaba, ta tuna yadda ta yi ta ciniki a kanta a kasuwar Eastleigh har mai shagon ya ce ta bar shi ya sha ruwa. Ta ninke rigar ta ajiye. Da ta duba agogo, minti biyu ya ci. Ta yi lissafi da ka, ta ga da wannan tafiyar ko rabi ba za ta yi ba.

Ƙarfe ɗaya ta gama katako ɗaya da ƙyar. Audugar da aka saki ta kumbura ta yi tudu har ta fi ta tsayi a zaune, tana shiga mata hanci da baki. Yatsunta biyu sun yanke, ta ɗaure su da ƙyalle don kada jini ya ɓata kaya.

Da aka tashi cin abinci, Mama Nafula ta zo da mata uku, kowacce da kwanon githeri, dafaffen masara da wake, a hannu ɗaya, wuƙar yanka kwali a ɗayan.

"Matsa, 'yata. Ke tela ce, tausayi ya yi miki yawa. Mu aikinmu ke nan, farke abin da wani ya ɗaure."

"Mama, manaja zai caje ni kuɗin aikinku."

"Lokacin cin abincina ne. In na ga dama in yi rawa a cikinsa."

Ɗaya daga cikin matan ta ɗora matashi a cinya ta gwada. "Ina ma na san da wannan lokacin da nake goyo. Bayana har yau bai yafe min ba. Nawa kike sayarwa?"

"Dubu ɗaya da ɗari takwas."

"A'a, bayan nawa ya haƙura," ta ce, ta tsaga shi.

Suka yi dariya, Kerubo ma ta yi, hawaye na zuba, ta ce audugar ce ke shiga mata ido. A awa ɗaya suka gama katako biyu da rabi. Ba ruwansu da neman bakin ɗinki, inda wuƙa ta faɗa nan ne ƙofa. Duk tsagar da ta ji sai ta ji ta a ƙirjinta, amma ba ta da bakin cewa a yi a hankali.

Ƙarfe biyu suka koma bakin aiki, suka bar ta da sauran katako biyu da rabi. Nyakundi ya kira sau biyu, ba ta ɗauka ba, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Wajen uku da rabi ita ma ta daina neman zare. Tsagawa take yi, ta fizge, ta jefa, ba ta ko duba launin atamfar. Can gefe tana ganin matan suna ɗibar audugarta suna cusa wa kofunan wani ɗan kasuwa da ba ta sani ba. Audugar ta dace da aikin ƙwarai, wannan ma ya ƙara mata baƙin ciki.

Biyar saura kwata Mutiso ya fito ya tsaya da takarda a hannu. Saura goma sha huɗu. Ya naɗe hannun riga ya shiga riƙe mata tana tsagawa. Biyar saura minti uku katako na shida ya zama fanko. Ya sa hannu a takardar fita, ya ce Allah ya sa a dace, kuma da gaske yake.

Rigunan buhu biyu suka cika. Ta ja su zuwa bakin titin Mombasa, tana tsayawa tana hutawa, gashinta fari fat da auduga. Yaron matatu, motar haya, ya ce buhunan sai an biya musu kujera. Ta biya ba gardama, shilin ɗari biyu suka rage mata.

Sun wuce mahaɗar filin jirgi wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar da ba ta sani ba.

"Sannu Madam, ke ce mai matashin shayarwa? Ƙanwata ta haifi tagwaye jiya. Guda biyu muke so gobe da safe, zan turo kuɗin yanzu. Akwai?"

Kerubo ta daɗe tana kallon saƙon, buhunan na danne mata gwiwa. Matashin kai biyu ne a kan gadonsu, nata da na Nyakundi. Ta auna su a ranta, ta ga audugarsu za ta isa in ta ƙara da ta kujerar zama.

Ta goge jinin yatsanta a zani, ta rubuta: "Akwai. Wane launi take so?"