Rabin Aski

Aska na bayan kunnen Dakta Tsinke lokacin da Sista ta banko ƙofar ɗakin shirya marasa lafiya, baki har kunne.

"Dakta, albishirinka! Hukumar asibiti ta karɓi shawararka. An soke aske marasa lafiya kafin tiyata!"

Sai a lokacin ta lura da wanda ke riƙe da askar. Ta ja ƙofa a hankali, ta yi ta kanta.

Mai askar kuwa Kawu ne, wanzamin asibitin tun ginin na sabo, kuma yayan surukar Dakta. Duk wanda za a yi wa tiyata sai ya bi ta hannunsa, ya kwashe gashin wurin yanka tas. In babu aiki, yakan yi wa likitoci aski kyauta. Son banzar ne ya kawo Dakta kan wannan kujera, rabin kai fes, rabi kumfa.

"Shawarar wa aka ce?" in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa.

Dakta ne shugaban kwamitin soke-soke. An kafa kwamitin ne don zaƙulo abubuwan da asibiti ke wahala a kansu ba sa tsinana wa majinyaci komai. Sun kori jar fitilar gasa baya, sun kori allurar bitamin da masu ƙoshin lafiya ke layi a kanta, ba wanda ya ce uffan. Amma fitila ba ta da dangi a gidansa.

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya tuna ɗinkunan da yake buɗewa a ɗakin maza, suna ruwa.

"Tawa ce, Kawu."

"Madalla da ɗa na gari."

"Aska na barin 'yan tsagogi da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. An gwada, an ga..."

"Wato hannuna ke ruɓar da mutane."

"Ba hannunka ba, askar."

"Au, ita ke riƙe da kanta?" Ƙarfen ya gangaro kaɗan, sanyinsa ya taɓa wuya. "Na ba ka 'ya, kai kuma ka ba ni hanyar gida. Ranar da ka zo gaishe ni da wuyanka kamar mariƙin ludayi, wa ya ce a ba ka?"

"Kai ne, Kawu. Kuma ba korarka za a yi ba. Ɗakin tsofaffi na nan, wasu sun yi watanni a kwance, gemu ya cinye musu fuska. Za a ba ka injin aski."

"Inji! Abin da ke kuka kamar sauro? Ka je ka janye maganar nan, in ƙarasa maka aski, kuma 'yata ba za ta ji komai ba."

Dakta ya runtse ido. Ya hango kwanonin abincinsa a kife har sai abin da hali ya yi.

"Ba zan janye ba."

Can ya ji ƙaras! Kawu ya naɗe askar, ya cusa a aljihu.

"To, an soke aski. Ni mai bin doka ne, na fara daga kanka."

"Haba Kawu, ko rabin nan..."

"Ka kai wa kwamiti su duba amfaninsa." Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana sosa haɓa. "Tsofaffin nan, suna hira kuwa? Ni ba na aske kurma."

Kafin Dakta ya amsa, wata doguwar mata da bai taɓa gani ba ta ratsa ta gefen Kawu, jaka a hammata. Ta dubi kumfar da ke ɗiga a kafaɗarsa, ta gyara tabarau.

"Kai ne shugaban kwamitin soke-soke? Daga ma'aikatar lafiya nake. An turo ni in duba ko shi kwamitin yana da amfani."