Garin da Luba Ke Nema

Sa'adiya ta ciji zaren ta tsinke shi, ta ɗaga 'yar rigar ta duba. Rage ta da ta yi ke nan karo na biyu. Da hannunta ta ɗinka ta, da sauran atamfar lefenta, ranar da aka kawo mata Luba daga Yagwa, kuma a ranar sai da ta yi dabara kafin rigar ta wuce cikin yarinyar. Yau ga shi wuyan rigar yana zamewa daga kafaɗa.

Luba 'yar wan mijinta ce. Yaye aka kawo ta, kamar yadda aka saba a raba yaro da uwarsa har ya manta nono. Mijin nata Mas'udu ne ya roƙi wansa a ba matarsa riƙon, don shekararsu biyu da aure Allah bai kawo rabo ba. Ya sauke yarinyar, washegari ya bi fataken shanu, ya bar su daga ita sai ita: Bazazzagiyar da ba ta jin Fulatanci, da 'yar Bafulatanar da ba ta jin Hausa.

Abinci kuwa babu irin wanda Sa'adiya ba ta gwada ba. Ta dama koko, ta yi kunun tsamiya, ta yi faten tsaki mai laushi, ta murza tuwo cikin miyar kuka har ya zama ruwa-ruwa. Luba sai ta datse haƙora ta kau da kai. In ta ga dama ta kurɓi ruwa, ta ɗan tsotsi mangwaro, shi ke nan. Har 'yar tsana Sa'adiya ta ɗinka mata da ƙyallaye, ta cusa auduga, ta yi mata idanu da maɓalli, ta riƙa kai cokali bakin 'yar tsanar tana cewa, "Kin ga ƙanwarki ta sha." Luba ta karɓe 'yar tsanar ta rungume, ta bar mata cokalinta.

Magana ɗaya yarinyar take yi. Kullum da sassafe takan je gindin katangar arewa ta tsaya, ta ɗaga hannu tana nunawa, tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Gaari... gaari..."

Wannan kam ba ya buƙatar tafinta a wurin Sa'adiya. Yagwa tana arewa, yarinya garinsu take nema. Duk sanda ta ji kalmar sai ta ji kamar an soka mata allura a ƙirji, domin ita ma ta san kewar gari.

Bayan wannan katangar Inna Hansai ke zaune, tsohuwa haifaffiyar nan Garwa, wadda kan fita da sassafe da tallarta. Da yamma takan leƙo ta tambaya, "'Yar Zazzau, yaya ɗiyar taki?"

"Lafiya lau, Inna. Tana barci."

Sa'adiya ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Ta riga ta ji abin da matan unguwa suka ce a gidan suna, wai an ba wadda ba ta taɓa goyo ba riƙon yaye. Ta ɗauki alkawari a ranta sai ta fito da Luba ɓul-ɓul kowa ya gani.

Amma yau da ta sa mata rigar, sai ta ji ƙasusuwan bayanta ƙarƙashin yatsunta. Ta zauna a kan kujerar keken ɗinkinta tana kallon Luba. Tana son yarinyar nan, so mai tsanani, kuma tana tsoron kada ta mutu a hannunta saboda a ce Sa'adiya ta iya.

"To, Luba," ta ce. "Kin yi nasara. Gari za mu."

Ta ƙulle kayan yarinyar a ɗankwali, ta ɗauko takardar shaidarta saboda jandarmomin hanya, ta goya Luba, ta ja ƙofa.

Zafin Garwa na watan Mayu ba ya jiran rana ta yi tsaka. A bakin titi 'yan makaranta suna ta koyon maci saboda bikin ƙasa na ashirin ga wata, malaminsu yana busa usur yana daka musu tsawa da Faransanci. Sa'adiya ta ratsa su ba ta ko kalle su ba. Tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa wa uwar Luba, duk wanda ta shirya sai ta ji bai fi "na kasa" ba.

A tasha ta sami motar Yagwa, an ce sai ta cika. Ta raɓe a inuwar wata bishiyar bedi tana jijjiga goyonta. Can sai ta ji wata murya ta keta hayaniyar tashar.

"Gaari! Gaari!"

Ta ɗauka 'yan kamasho ne ke kiran fasinja. Amma yarinyar da tun safe take kwance lakwas a bayanta ta zabura, ta fara harbe-harbe, tana miƙa hannu ta saman kafaɗarta.

"Gaari! Gaari!" Luba ta amsa da iyakar ƙarfinta.

Sa'adiya ta bi hannun da kallo. Wata tsohuwa ce zaune gaban babbar roba, tana zuba wa direbobi wani farin abu a kofuna. Da tsohuwar ta ɗago, sai ga Inna Hansai.

"A'a! 'Yar Zazzau, ina zuwa haka da ƙunshi?"

Sa'adiya ba ta ko gaishe ta ba. "Inna, me kike cewa yanzu?"

"Me nake cewa? Tallata nake yi."

"Wane gari kike kira?"

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi yarinyar da ke neman faɗowa daga goyo, ta dubi wuyan rigar nan mai zamewa. Dariyar da ta taso mata ta koma.

"Innalillahi. Sauke ta nan." Ta ɗebo a ƙaramin ludayi tana hurawa. "Gaari da Fulatanci kunu ne, 'yar nan. Kunun gyaɗa da shinkafa. 'Ya'yan Yagwa da shi suke buɗe ido. Tun yaushe take kiransa?"

"Tun da ta zo."

"A gindin katangata?"

Sa'adiya ta gyaɗa kai. Yanzu ta gane. Kowace safiya ƙanshin gyaɗa yakan tsallako daga murhun Inna Hansai, ita ma tana jin sa, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. A gidansu a Zariya sai da azumi ake dama kunun gyaɗa, abin da tun tana 'yar shekara goma ta iya.

Luba ta kama ludayin da hannu biyu. Ba ta tsaya numfashi ba sai da ta ga ƙasansa, kunu yana bin haɓarta yana sauka kan rigar da aka rage da safe. Sa'adiya ta durƙusa a cikin ƙasar tasha tana kallon maƙogwaron yarinyar yana motsi, hawaye suna zubo mata, ba ta damu da direbobin da ke kallonta ba.

"Kullum ina tambayarki, kina ce mini barci take," in ji Inna Hansai. "Katanga ce kawai tsakaninmu, Sa'adiya."

"Na ji kunya ne, Inna."

"Kunya! Da kin kai ta Yagwa, uwar ta dama mata a gabanki, da kin ga kunya."

Daga can ɗan kamasho ya ƙwala kira, "Mai goyo! Yagwa saura mutum ɗaya! Za ki ko ba za ki ba?"

Sa'adiya ta share fuska da bakin mayafi. "Ba wa wani," ta ce. Ta juyo wurin tsohuwar. "Inna, gobe in kin tashi damawa ki buga mini katanga. Ina so in ga yadda kuke sa shinkafar, da lokacin da kuke zuba tsamiya. Irin na uwarta nake so in iya, ba irin namu ba."

"Sai ki zo da ƙafarki, ƙofata ba ta da makulli."

Luba ta lashe ludayin ciki da waje. Ta waiga, ta tsallake Inna Hansai mai robar kunu, ta miƙa wa Sa'adiya ludayin.

"Ɓesdu," ta ce.

Sa'adiya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa. Ta dubi tsohuwar.

"Inna, me ta ce?"

"Cewa ta yi ki ƙara mata."