Ranar da Rumaisa'u Ta Ɗauki Azumi

Ranar da aka dawo da Rumaisa'u daga likitar Dogondutsi, babban asibitin yankin, da kwalaben insulin ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, innarta Hamsatu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ita kuwa ta tura kwalaben gindin randa inda yashi ke da sanyi, ta je ta zuba wa awaki dusa.

Shekarunta goma sha biyar, tana kolej a Dogon Kiriya. Lokotoron da ya duba ta a asibitin ya ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara, kuma ba ya warkewa, sai dai a zauna da shi. Allura safe da yamma. Abinci kan lokaci, kada ta tsallake. Tuwo kaɗan, miya da yawa, wake, zogale, ƙwai in an samu. Lemun kwalba da fanke da alewa kuwa ta manta da su. Duk abin da ya faɗa ta ce to.

Hamsatu ta ware mata ƙaramin kwano mai murfi. Hurar da take sha har ta ƙoshi ta koma 'yar kaɗan, nono ya fi gero yawa, babu sukari. In an tambaye ta ko abincin ya yi daɗi sai ta ce ya yi. Gaskiya ba ta jin daɗinsa, ba ta kuma jin rashin daɗinsa. Tana taunawa ne kamar yadda take shara.

Da aka ga watan azumi, babanta Malam Isa, mai shagon atamfa a kasuwa, ya kira ta zaure.

"Ɗiyata, ba za ki yi azumi ba. Allah ya ɗauke wa marar lafiya, ayar a fili take."

"To, Baba."

Kullum Hamsatu na cika mata kwanon da wake da kwaɗon zogale, ita kuma lokacin hutu ta zaga bayan aji ta ci a tsaye, fuskarta ga bango. Wata rana 'yar ajinsu Zuwaira ta wuce da ƙawayenta, ta ce, "Gandamemiya da ita, tana ci da rana tsaka." Rumaisa'u ta ji maganar kamar da wata ake. Ta cinye waken, ta rufe kwanon.

Washegari ta ci sahur tare da kowa, ta yi allurarta yadda ta saba. Da hutu ya yi ba ta buɗe kwanon ba. Ba fushi ta yi ba, ba ta ma shirya haka ba. Ta dai dube shi cikin jaka ta bar shi.

Wajen azahar, malaminsu Mushe Gambo na rubuta lissafi a allo, sai alƙalaminta ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, yatsunta suka ƙi kamawa. Gumi mai sanyi ya jiƙa mata hijabi, rubutun allon ya koma bibbiyu. Ƙawarta Mardiyya, wadda suke benci ɗaya, ta dafa ta. Tun farko Hamsatu ta koya wa Mardiyya alamun faɗuwar sukari.

"Kin ci abinki?"

Rumaisa'u ta girgiza kai.

Mardiyya ta fita a guje ba ta nemi izini ba. Ta dawo daga wajen mai tebur da sukari a hannu, ta dama cikin kofin ruwa da yatsa.

"Sha."

"Ina azumi."

"Ke, sha na ce miki!"

Mushe Gambo ya ajiye alli ya ce, "Sha, Rumaisa'u. Ba wanda zai ce miki komi."

Ta sha, ajin duka na kallonta. Rabonta da sukari tun kafin girbi. Ta jira ta ji wani abu, kunya ko daɗi, amma zaƙin kawai ya manne mata a ganɗa. A hankali rubutun allon ya haɗe. Mardiyya ta buɗe kwanon ta miƙa mata cokali.

A gida Hamsatu ta yi ta tambayarta me ya sa, me aka yi mata. Ta ce, "Ban sani ba, Inna." Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Malam Isa bai yi faɗa ba. Ya rufe shago ya goya ta a babur zuwa likitar gari. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya tsira mata yatsa, ya duba 'yar na'urarsa, ya ce sukarin ya daidaita, amma yin allura ba tare da cin abinci ba wasa ne da rai. Ta ce to.

A hanyar dawowa babanta ya tsaya gun masu kayan lambu. Leɓunansa sun bushe da azumi. Ya ɗaga kabeji da hannu ɗaya, kokamba da ɗayan.

"Wanne kike so?"

"Duk ɗaya ne, Baba."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya sayi duka biyun. Ta hau bayansa ta rungume ledar, babur ɗin na nutsewa cikin yashi yana fitowa, har suka iso gida.